Shirun Sabarar Inna

Alhamdu lillahi, Inna tana nan da ranta, tana cin tuwonta, tana faɗa da kowa kamar yadda ta saba. Na fara da wannan ne don kada mai karatu ya zauna yana jiran mutuwa a ƙarshen labari. Abu biyu suka sa na ɗauki biro. Na farko in gargaɗi mata 'yan'uwana a kan ɓoye ciwo. Na biyu in tona asirin kaina da bakina, tunda wata Hajiya Gambo ta riga ta yaɗa shi a rabin Gwaram, kuma kullum sai ta ƙara masa gishiri.

Sunana Zulai, ina koyar da kimiyya a wata firamare a Birnin Kudu. Mahaifiyata kuwa duk Kwandiko, ƙauyenmu na ƙasar Gwaram, ba wanda bai san ta ba, Inna Mai Sassaƙe ake ce mata. Shekara kusan hamsin tana shiga daji tana ɗebo saiwa da ganye da ɓawon itace, tana ba mai shawara, mai basir, mai jego da yaron da haƙori ya sa a gaba. Tana da wata al'ada da ta gada wajen kakarta: ba ta taɓa bishiya sai ta yi mata sallama, ta zuba ɗan gero a gindinta. Tun ina yarinya abin nan yake ba ni kunya. Da na ji ta ce “Salamu alaikum” ga marke, sai in yi gaba abina kada wani ya gan mu tare. Abin da take faɗa bayan sallamar, da abin da take tsayawa jira, ban taɓa tsayawa na ji ba. Ku riƙe wannan, don nan ne na yi tuntuɓe daga baya.

Da hutun damina na je gida na tarar tana daka da hannun hagu. Inna ba bahaguwa ba ce. Na sa mata ido kwana biyu, ranar na uku na faɗa ɗakinta ba sallama tana canza zane. Maman dama ya kumbura, fatar ta yi tauri, ga wani kullutu da ta shafe da baƙin gari.

“Inna, wannan fa?”

“Ɗan maruru ne.”

“Tun yaushe?”

“Tun girbin bara.”

“Marurun ne zai shekara?”

“Ke likita ce?”

“Ke ce likitar, Inna, shi ya sa nake tambaya.”

Sai da na yi kuka, na kira ƙannena a waya suka yi nasu, kafin ta yarda ta biyo ni asibitin Birnin Kudu. Ko a nan ma ta gindaya sharaɗi: duk wanda ya tambaya a ce ta je ganin jikoki.

Makon farko ya tafi a layi. Layin kati, layin awo, layin hoto, layin karɓar sakamakon hoton. Da an idar da sallar asuba muke fita, mu tarar wasu sun riga mu, har na fara zargin a kan bencin aka haife su. Ba na ganin laifin ma'aikata, mu ne muka yi musu yawa. Inna kuwa ta mai da layin wajen aiki, tana duba idon mutane tana gaya musu abin da ke damunsu kafin su kai gaban likita. Aka ɗebi ɗan nama daga kullutun aka aika awo, muka yi mako uku muna jira. Ban taɓa ganin makonni masu tsawon waɗannan ba.

Likitan wani dogo ne mai fara'a, yana magana a hankali. Ya ce, “Inna, ciwon daji ne. Ya ɗan yi nisa, amma bai fi ƙarfinmu ba in Allah ya yarda.”

Inna ta ce, “Dajin da na shekara hamsin ina shiga lafiya ina fita lafiya, sai yanzu ya biyo ni gida?”

Ya yi murmushi ya ce za a yi mata kemo sau takwas, duk bayan mako uku, sannan a yi aiki a cire maman.

“Kamo? A kamo wa?”

“Kemo, Inna. Ƙarin ruwa ne mai magani.”

Daga ranar ba ta sake kiransa da wani suna ba sai kamo. Maganar da ta zauna mini a kai kuwa ita ce ta ƙarshe da ya faɗa: “Kada ku tsallake ko ɗaya. Wannan ciwon ba ya jiran mutum ya huce.” Abin da jinyar ta ci ba zan tsaya lissafi ba, bijimin gida da riɗin shekarar duk a nan suka tafi, kuma Allah ya saka wa ƙannena da alheri.

Kamo na farko ja ne wur, Inna ta sa masa zoɓon likita. Wata nas mai suna Talatu ce take nemo jijiya, hannunta da sanyi, Allah ya biya ta. Kwana biyu bayan nan amai ya kama Inna, ko ƙanshin miya ba ta so, bakinta ya yi ɗaci, ruwa ma ta ce ƙarfe take ji. Sai kuma 'yan dubiya suka fara sauka, kowa da maganinsa a leda. Wannan ya kawo nonon raƙumi, wancan ya ce fitsarinsa ya fi, wata ta zo da ganyen gwanda da zuma. Ku dubi ƙarfin hali, a kawo wa Inna Mai Sassaƙe ganye! Tana kwance da ƙyar take ɗaga kai, amma sai ta sunsuna ta ce, “Wannan da rana tsaka aka tsinke shi, kai wa akuya.” Aƙalla ta sauƙaƙa mini aiki, don likita ya hana haɗa komai da nasa.

Ranar kamo na biyu tun a bakin ƙofar ɗakin ta fara yunƙurin amai, allura ba ta ko taɓa ta ba. Muka shiga muka tarar da baƙuwa. Wata mata ce mai gilashi, Malama Rakiya, daga wata jami'a a Kano, ta jera tukwanen shuka a kan tebur: zogale, lalle, ɗoɗɗoya da tazargade. Gefe ga wani ɗan akwati kamar rediyo, da wayoyi biyu masu baki irin na abin maƙale shanya. Ta yi mana bayani cewa kowace shuka mai rai tana da 'yar wutar lantarki a jikinta, ƙanƙanuwa ƙwarai, tana hawa tana sauka. Akwatin yana ɗaukar hawa da saukar ya mai da su sauti. Ta nanata har sau uku cewa wannan ba magani ba ne, don kwantar da hankalin masu jinya ne kawai, kuma duk Alhamis za ta riƙa zuwa.

Ta maƙala wayoyin a ganyen zogale. Sai ga wani sauti siriri yana ɗiga, ɗin, ɗin-ɗin, ɗin, kamar ana taɓa gurmi a ɗaki na uku.

Hajiya Gambo, wata 'yar kasuwa daga Gwaram da gadonta ke kusa da namu, ta ja mayafi ta ce, “A'uzu billahi! Malama, ki faɗa mana gaskiya, ba mutanen ɓoye ba ne a ciki?”

Inna kuwa ta tashi zaune. Tun da muka zo garin ban ga idonta ya buɗe haka ba.

“Zogale ne wannan?”

“Shi ne, Inna.”

“Na san za a yi haka. Ba a tambaye shi ba ma yana zuba. Sa mini lalle.”

Aka sa lalle, ya yi sanyi-sanyi, ta ce amarya ce, kunya take ji. Aka sa tazargade, ta saurara ta ce duk ɗacin nan ashe muryarta da daɗi, irin surukar da sai an zauna da ita. Ɗakin ya kwashe da dariya, har wani dattijo da bai taɓa yi wa kowa magana ba. Kafin Inna ta gama raba wa shuke-shuke hali, Nas Talatu ta sa allura ta manne, ba ta ma sani ba. Ranar har barci ta yi ruwan yana shiga. Ni da nake koyar da kimiyya na san abin da ke cikin akwatin, amma wallahi sai da na share hawaye.

Labari ya kai ƙauye cewa ganye yana waƙa a asibiti. Ranar kamo na uku sai ga ƙanenta Kawu Malam Ya'u, mai makarantar Islamiyya a Farin Dutse, ya zo da fuskarsa a ɗaure don ya ji ko kiɗa ake sa wa yayarsa tana kan gadon ciwo. Ya zauna ya saurari ɗoɗɗoya tsawon lokaci, yana shafa gemu. Can ya ce ba ganga, ba makaɗi, ba mai rawa, kuma dai an san kowace halitta tana tasbihi ta hanyarta, saboda haka shi bai ga abin hani ba. Da zai tafi ya tambayi Malama Rakiya a hankali ko akwatin zai yi aiki a jikin dabino.

Amma sauti ba ya hana kemo yin aikinsa. Bayan na uku gashin Inna ya zube tas, bakinta ya yi gyambo, faratanta suka yi baƙi. Matar da take sassabe gona ita kaɗai ta koma sai na riƙe ta zuwa banɗaki. Wata safiya ina ba ta kunu ta ture cokalin.

“Na gama da kamo.”

“Inna, saura biyar.”

“Su sha abinsu.”

Na yi lallashi, na yi faɗa, na tuna mata maganar likita. Sai da rana ta yi sannan ta ce akwai hanya ɗaya. Akwatin nan ya fi ta kunne, ta yarda. To akwai sabararta a bakin gonar Kwandiko, wadda ta fi shekara arba'in tana ɗiba a jikinta. A kawo ta, a sa mata waya, ta tambaye ta. Abin da sabara ta ce shi za a yi.

Haka na tsinci kaina ranar Asabar a bakin gona da fartanya, ina haƙa wani ɗan reshe da ya tsiro a gefen uwar. Wanda bai taɓa haƙa sabara ba bai san taurin kai ba, saiwar kamar ta nufi Bauchi. Na datse ta inda ƙarfina ya ƙare, na dasa a bokitin fenti, na hau acaɓa na rungume shi. Ɗan acaɓan ya yi ta waiwayena, har ya kasa haƙuri ya ce, “Hajiya, ai akwai irinta a Birnin Kudu, kyauta ma.” Da na iso Inna ta dubi bokitin ta dube ni.

“Kin yi mata sallama kafin ki haƙa?”

“Na ce mata sannu.”

Ta girgiza kai kawai.

Kafin Alhamis sabara ta yi laushi, ganyen ya langaɓe. Muka shiga ɗakin kemo da bokitinmu, kowa ya gyara zama, don Hajiya Gambo ta riga ta sanar. Malama Rakiya ta so ta yi gardama, ta ce akwatinta ba ya duba, na roƙe ta da ido. Ta maƙala wayoyin. Inna ta kunce bakin zanenta ta zuba gero a bokitin, ta ce, “Salamu alaikum. Ni ce Tabawa. Yau ba ɗiba na zo yi ba, tambaya ce. Maganin mutanen nan, in ci gaba da sha?”

Shiru. Akwatin bai ce ko ɗin ba.

A lissafina, in sabara ba ta amsa ba, Inna za ta ce ba ta yarda ba. Kuma na san abin da ɗalibaina 'yan aji biyar ma suka sani, cewa jiƙaƙƙen hannu yana ɗaukar wuta. Na tsoma yatsa a kofin ruwan Inna, na yi kamar ina gyara bokitin, na danna ganyen tsakanin wayoyin nan biyu.

Akwatin ya ɓarke da wani irin ƙara, wiii-ɗiɗiɗi-wiii, kamar an taka wutsiyar mage. Hajiya Gambo ta yi salati. Ni kuwa na washe baki na ce, “Kin ji ko, Inna? Ta amsa! Ta ce ki sha!”

Inna ta miƙe ta ɗaura ɗankwalinta.

“Ta hana.”

“Ta hana kamar yaya? Ba ki ji ta yi magana ba?”

“Ke da kika yi boko ba ki san komai ba. In ka yi wa itace sallama ka faɗi buƙatarka, sai ka tsaya. In ya yi shiru, ya yarda, ka ɗiba. In reshe ya karye, ko tsuntsu ya yi ƙara a kansa, ya hana, ka kama hanyarka. Da farko ta yi shiru, har na fara naɗe hannun riga. Sai kuma ta yi ihu.”

Na tsaya da jiƙaƙƙen yatsana a ɓoye cikin hijabi. Shekara talatin da wani abu ina gudun in ji ƙarshen sallamar nan, ga shi na ji shi a ranar da ba shi da amfani. Malama Rakiya ta bi ta har ƙofa tana rantsuwa cewa taɓawa ce kawai, Nas Talatu ta bi ta da allura a hannu. Kafin azahar Inna tana cikin motar Gwaram.

Likita bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce 'yan kwanaki ba za su ɓata komai ba, amma kada su zama makonni. Kwana biyu ban iya cin abinci ba. Tsoro nake ji ƙwarai, tsoron cewa in uwata ta mutu, da yatsana na kashe ta.

Ranar Lahadi da hantsi na same ta a bakin gona, zaune a ƙasa kusa da uwar sabarar, ga ramin da na haƙa yana nan. Na durƙusa na ce, “Inna, ki yafe mini. Ba sabara ba ce ta yi ihu. Ni ce na taɓa ta da ruwa.”

“Na ga hannunki.”

“Kin gani? To me ya sa kika taho?”

Ta daɗe tana wasa da ƙasa. Sannan ta ce, “Kin tuna Hansai matar Ɗan'azumi?”

Na tuna ta. Ta rasu ina sakandare, ta bar yara ƙanana.

“Da irin kullutun nan ta zo mini. Na ba ta sassaƙe na ce maruru ne, ta koma gida. Lami ta bayan masallaci ma haka. Tun ranar da likitan nan ya ce bai fi ƙarfinsu ba, su nake gani. In na sha kamo na warke, to su fa? Ashe da na ce su tafi asibiti da suna nan. Gara in zauna in bi su, in ce dama ciwon ba ya jin magani.”

Ban taɓa ganin Inna tana kuka ba sai ranar. Ashe ba amai ba ne ya kore ta, ba kuma zubewar gashi ba. Kimiyyata ba ta da babin wannan. Da ƙyar na ce, “Inna, su ba ki sani ba, Allah ya ga zuciyarki. Amma wata za ta zo gobe da irinsa. In ba kya nan, wa zai gaya mata ta tafi?”

Ta share fuska, ta juya wajen sabarar, ta zuba gero, ta yi sallama, ta maimaita tambayarta ba waya ba akwati. Muka tsaya. Ni ina ta roƙon Allah ya kame bakin duk wani tsuntsu da ke ƙaramar hukumar Gwaram. Can daga gonar maƙwabta wani jaki ya kece da kuka, har da shessheƙa.

Na dafe kai. Inna ta ce, “Wannan ba da shi nake ba. Ɗaga ni.”

An yi kamo na huɗu da jinkirin kwana bakwai. Ranar na biyar aka canza magani, aka kawo wani fari kamar ruwa. Inna ta tambayi inda zoɓonta ya tafi. Likita, wanda labarin bokiti ya riga ya kai masa, ya ce, “Inna, wannan naki ne. Asalinsa daga ɓawon wata bishiya aka fara samo shi, a wata ƙasa mai sanyi.”

“Sassaƙe ne?”

“Sassaƙe ne, sai dai ya yi karatu.”

“Waɗanda suka ɓare ta, sun yi mata sallama?”

Ya ce gaskiya bai sani ba, amma yana shakka. Nas Talatu ta matso da allura, Inna ta ɗaga mata hannu. Ta dubi ledar da ke rataye a jikin ƙarfe ta ce, “Salamu alaikum. Ni ce Tabawa, daga Kwandiko. An ɗebo ki ba a gaishe ki ba, ki yi haƙuri, ba su sani ba ne. Ina neman lafiya.”

Malama Rakiya ta miƙa hannu ta kashe akwatinta. Ɗakin ya yi tsit, har Hajiya Gambo, wadda ban taɓa sanin bakinta yana rufuwa ba. Ni kuwa na zauna a kan hannuwana duka biyu.

“Ta yarda,” in ji Inna. “Sa mini.”

Ta cika takwas ɗinta. Farin ya sa mata ciwon gaɓoɓi da dindiris a yatsu, ta yi ta mita amma ba ta sake tsallakewa ba. Aka yi aiki aka cire maman, gashi ya dawo fari sol, kuma duk bayan 'yan watanni muna komawa a duba. Godiyata ga likitan nan, da Nas Talatu, da Malama Rakiya wadda ta faɗi gaskiya tun farko cewa akwatinta ba ya warkarwa. Bai warkar ba, amma ya zaunar da Inna a kan gado lokacin da ni na kasa. Mata, don Allah, duk wadda ta ji kullutu a mamanta, ko bai kai ƙwayar gyaɗa ba, ko ba ya ciwo, kada ta jira girbi ya zagayo. Mu shekara guda muka ba shi kyauta, kuma saura kaɗan ya tafi da ita.

Watan jiya ina shirin fita makaranta na ji sallama. Inna ce, ta biyo motar farko daga ƙauye, bayanta wata matashiya da goyo tana sunkuyar da kai. Na dubi hannun Inna, babu ƙullin magani ko ɗaya.

“Wannan Asabe ce, autar Hansai,” ta ce. “Jiya ta zo mini. Na duba ta, ƙarami ne tukuna, amma ya fi ƙarfin sassaƙena. Ajiye jakar nan, ki zo ki kama mana layi.”